Uban da Ya Zama Dutse

Tun ƙarfe biyar da rabi na yamma zauren taron ƙauyen ya cika maƙil, har waɗanda suka makara sai jikin bango suka tsaya da rigunan sanyinsu a hannu. Ranar ashirin da uku ga Disamba ce, kuma kashi na ashirin da uku za a nuna na wasan talabijin ɗin nan da ake yi kullum, daga ɗaya ga wata zuwa jajiberin Kirsimeti. Wai don yara ake shirya shi. To bana yaran ko kujerun gaba ba su samu ba, iyayensu da kakanninsu sun riga su.

Ƙofar Dutsen Sanyi ake ce wa wasan, kuma ya hana mutanen kwarin Valdres sakat. A wata ƙasa ta tatsuniya aka kulle Sanyi cikin dutse, ƙofar kuwa ba ta da sakata, sai mutum ya jingina bayansa ya tokare ta. Gida ɗaya ne ke wannan aiki, in uba ya gaji ya miƙa wa ɗan fari. Tsohon mai gadin 'ya ɗaya gare shi, Runa, ita kuma hankalinta na kan wani matuƙin jirgin ruwa.

Tordis Brattli ba ta so zuwa ba ko kaɗan. Duk sanda Runa ta yi kuka a allo, sai rabin zauren su waigo su dube ta, kamar da ita aka yi wasan.

Ba su yi ƙarya ba. Tordis ce 'yar fari kuma tilo a gonar Brattli, ita ke da odel, haƙƙin nan na ɗan fari a kan gonar gado, wanda in ka karɓa dole ka zauna a cikinta. Sunaye goma ne a sassaƙe jikin gungumen da ke kan ƙofar rumbun katakonsu, na goman shi ne na mahaifinta Oddvar. A ƙarƙashinsa an goge wuri sumul tun ranar da aka haife ta, shekara ashirin da tara ke nan yana jiran nata sunan.

Shi kuwa wanda take so, Eilif, masunci ne daga tsibirin Senja, can arewa mai nisa. Yana da jirginsa, da mutum uku da ke ci a ƙarƙashinsa, da tsohuwar mahaifiyarsa da ba ta da kowa sai shi. Ba ya iya barin teku, ita ba ta iya barin tudu. Shekara uku suna wannan ja-in-ja da zukatansu.

Yau ma an zaunar da ita yadda aka saba. Gwaggo Gunvor, yayar babanta, a dama. A hagu Halvard, ɗan maƙwabta, wanda gonarsu ta yi iyaka da ta Brattli, yana ta ƙamshin sabon turare. Babanta na can ƙarshen layi da hularsa a gwiwa, dama shi cewa yake direba kawai ya zo yi, ba ruwansa da shirmen dodanni.

Eilif, da ya zo ganinta daga arewa, na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta waiga ba, amma tana jin idonsa a ƙeyarta.

Aka kashe fitilu.

Minti ashirin babu wanda ya yi ko tari. Aka ga tsohon ya ce wa Runa ta je bakin teku ta ɗebo masa gishiri, wai ƙafarsa ke ciwo. Tana juya baya ya cire bargon da ke kare shi daga hasken rana, wanda zuriyarsu ba sa rabuwa da shi, ya linke shi tsaf ya ajiye gefe. Ya gyara tsayuwa, ya manna bayansa da ƙofar. Rana ta leƙo ta bayan tsauni.

Daga ƙafafu abin ya fara. Toka-toka ta hau gwiwoyinsa, ta hau ƙirjinsa, yana kallon hanyar da 'yarsa ta bi, bai ko runtsa ido ba. Kafin Runa ta dawo da gishirin a tafin hannu, babu uba babu ƙofa, sai dutse guda da ya rufe bakin kogon ruf. Ba sauran mai gadi har abada.

Tordis ta manta da Halvard, ta manta da masu waige, ta ji kamar a coci take ranar da aka binne mahaifiyarta.

Da aka kunna fitilu sai zauren ya fashe da surutu.

"Wayyo ni! Sun kashe shi!" Borghild mai kanti ce, tana sharar hawaye da jan hular ulu irin ta Runa da ta kwana uku tana saƙawa. "Wallahi gobe in ba su dawo da shi ba, na daina kallon tashar nan!"

"Ke ma kin san ba za ki iya ba," in ji Torleif mai kai wasiƙu. "Kun ga yadda ya linke bargon? Linkewar nan ce ta gama da ni. Mutum zai mutu amma sai ya gyara kaya."

"Ni fa ban yafe masa ba," wata malamar makaranta ta ce daga baya. "Ya tambaye ta? Haka kawai ka aiki 'yarka ɗebo gishiri ta dawo ta tarar da dutse? Wannan nauyin da me za ta ɗauke shi?"

"In ya tambaye ta ai ba za ta yarda ba!"

"Shi ya sa bai tambaya ba, malama!"

Wayoyi sai ƙara suke, dangi daga Oslo da Bergen na turo saƙon kuka, ƙasar gaba ɗaya ta rikice a kan wani tsoho na ƙarya. Borghild ta ɗaga tata tana karanto wa mutane abin da ake rubutawa, wai wani direban bas ya tsaya gefen titi ya kira babansa da suka shekara shida ba sa magana.

Gwaggo Gunvor ta damƙi hannun Tordis.

"Kin dai gani da idonki ko? Abin da iyaye ke yi ke nan. Su ba da jini su ba da ƙashi. 'Yar da ta san ciwon kanta ba ta bari a kai ga haka, tun farko take karɓar ƙofar ta ce Baba huta."

"Gwaggo, wasa ne fa."

"Wasa? Dubi gwiwoyin ubanki ki ce min wasa. Awaki tamanin, shi kaɗai, safe da yamma." Ta rage murya, amma ba yadda Halvard zai kasa ji ba. "Gobe Halvard zai sha kunu da mu. Ki sa rigar kirki."

Tordis ta leƙa ƙarshen layi. Babanta bai tashi ba. Ya murɗe hularsa a hannu kamar mai matse wanki, idonsa na kan allon da ya riga ya yi baƙi.

*

A waje, bayan motoci, Eilif ya tare ta. Dusar ƙanƙara na sauka a hankali.

"Ranar ashirin da shida zan kama hanya," ya ce. "Kifi ya fara shigowa, mutanena na jira. Tordis, ba zan iya sake komawa hannu rabbana ba tare da na san matsayina ba."

"Eilif, don Allah kar ka tambaye ni yau."

"Yaushe zan tambaye ki? Bara kin ce bayan haihuwar awaki. Da suka haihu kin ce bayan yankan ciyawa."

Sai hawaye suka ɓalle mata.

"Ka ga abin da aka nuna yanzu? Ni ce Runa, kowa ya sani, har yaran ƙauyen nan sun sani. Amma ni babana ba zai zama dutse ba, faɗuwa zai yi wata safiya a ɗakin awaki, ba wanda zai sani sai madara ta yi tsami. Ina can bakin teku ina shanya kifi! Da wane ido zan dubi kaina?"

"Mu tafi da shi."

"Baba? Mutumin da ko asibiti aka kwantar da shi sai da ya gudo saboda bai ji ƙararrawar awaki ba?"

"To ki ce min Halvard kike so, in tafi da wannan."

"Ka san ba na son sa. Ka sani sarai." Ta kama gaban rigarsa da hannu biyu. "Kai nake so, kai kaɗai, tun ranar da na fara ganinka ban ƙara ganin wani namiji ba. Amma sunaye goma ne a kan ƙofar nan, Eilif. Ba ni zan zama wadda ta yanke su ba."

Ya daɗe yana kallonta. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya share da bayan hannu.

"Shi ke nan. Gobe da rana zan biyo in yi wa Baba sallama, in ba ki zobenki na wasa da kika bar min. Ba zan zauna ba."

Ya juya ya tafi. Ba ta ga babanta ba sai da ta zo shiga mota, ashe yana zaune a ciki tun ɗazu, gilashi a sauke, sanyi na shigar masa.

Ya tada mota suka nufi gida.

*

Washegari da hantsi Tordis ta ji ƙarar guduma daga wajen rumbu, ƙwas, ƙwas, na ɗan lokaci, sai ta ɗauke. Ba ta kula ba, tana ɗaki tana kallon kashi na ƙarshe, da aka saki a waya tun safe, ita kaɗai da kumburarrun idanu.

Ba su dawo da tsohon ba. Runa ta zo za ta shiga jirgi, ta koma da gudu ta ɗora tafin hannunta a kan dutsen, sai ta ji shi da ɗumi, alhali ƙanƙara ta rufe ko'ina. A nan aka rufe wasan. Tordis ta zauna baki buɗe, ta rasa kuka za ta yi ko me.

A kicin Gwaggo Gunvor na juya kunun shinkafa da madara tun safe. Kowa ya san al'adar: a jefa ƙwayar almon guda ɗaya, mai kama da gyaɗa, ɓararriya fara fat, cikin tukunya, wanda ya tsince ta a kwanonsa shi ke da kyautar alewa, kuma tsofaffi sun ce shi zai riga kowa aure. Sa'a ce ake cewa. Amma Gwaggo ba ta taɓa barin sa'a ta yi aiki ita kaɗai ba.

Tordis na tsaye a ƙofa ta ga ta tura almon ɗin da ɗan yatsa cikin kwano mai shuɗin baki, ta shafe saman, ta yaryaɗa kirfa da sukari, ta ɗora man shanu a tsakiya.

"Na Halvard ne wannan. Yana tsinta zai yi magana, mun gama da uwarsa. Ke dai ki ce to."

"Gwaggo, ki ji tausayina."

Tsohuwar ta ajiye ludayi ta juyo.

"Tausayi? Ni ce 'yar fari a gidan nan, kin sani? Na fi ubanki iya tatsa, na fi shi sanin kowace akuya da sunanta. Amma a zamaninmu namiji ake ba wa, ko da a bayanki aka haife shi. Ranar da aka sassaƙa sunansa a rumbu, a bayan ɗakin awaki na ɓuya na yi kuka har na gode Allah. Ke doka ta canza, an miƙo miki a hannu, kina neman jefarwa a teku saboda wani mai ƙarnin kifi!"

Tordis ta sunkuyar da kai.

Halvard ya iso da furanni da sabuwar taguwa. An zauna ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Eilif ne, hula a hannu, ya ƙi ko cire takalmi.

"Sallama kawai na zo yi, Baba."

"Sallama?" Oddvar ya miƙe. "Yau jajiberi, za ka shigo gidana ka fita ba ka sa komai a baki ba? So kake ka tafi mana da Kirsimetin a aljihu? Cire takalmin nan. Yaya, ƙaro kwano."

Ko Gwaggo ba ta isa ta yi musu da wannan ba, baƙo ba ya fita da yunwa ranar nan. Ta tashi tana ƙunƙuni ta shiga kicin. Oddvar ya bi ta wai zai taya ta ɗauko tire, abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi.

Aka fara sha. Kwano mai shuɗin baki na gaban Halvard, Tordis ta gani. Kowane cokali ya kai baki sai ta rufe ido.

"Ni dai ƙarshen wasan nan bai yi min ba," in ji Gwaggo, idonta a kan kwanon. "Dutse mai ɗumi! Me ɗumi zai yi wa gidan da ya watse?"

"Ni ya burge ni," Halvard ya ce da ladabi. "Amma da ni ne, da sai in sa wa ƙofar nan sakatar ƙarfe tun kashi na ɗaya, kowa ya huta."

Ba wanda ya yi dariya. Eilif na juya cokali bai sha ko rabi ba. Oddvar kuwa tunda ya zauna bai buɗe baki ba, ko Gwaggo ta yi masa magana sai dai ya gyaɗa kai.

Halvard ya kai gindin kwano. Ya kankare. Babu komai.

Gwaggo ta zaro ido. "Ka tabbata ba ka haɗiye wani abu ba?"

"Ban ji komai ba, Gwaggo."

"Ƙaro masa!" Ta ƙara masa da kanta, kwano na biyu, na uku. Bawan Allah ya sha har gumi ya keto masa, ya kwance maɓallin wuya. Tukunya ta ƙare tas.

Sai Oddvar ya ajiye cokalinsa. Ya sa yatsa biyu a baki, ya zaro ƙwayar almon daga kuncinsa, inda ta kwanta tun da ya zare ta daga kwano mai shuɗin baki a kicin. Ya goge ta da adiko a natse, ya miƙa hannu ta kan tebur, ya ajiye ta a cokalin Eilif.

"Kai ka tsinta," ya ce.



"Oddvar!" Gwaggo ta buga tebur. "Ka haukace ne?"

Bai dube ta ba. Ya laluba aljihu ya fito da babban makullin rumbu, baƙin ƙarfe mai tsawon tafin hannu, ya tura shi gaban Halvard.

"Kai yaron kirki ne, kuma ka iya noma. Tun kana ƙarami kake leƙen gangaren nan ta kan shinge. In kana so, bayan sabuwar shekara mu je a yi takarda, da filin da awakin. Amma 'yata ba ta cikin kayan gona."

Halvard ya yi ja har kunnuwa. Ya dubi makullin, ya dubi Tordis, ya sake duban makullin. "Baba, ni fa ita ma ina..." Sai ya yi shiru, don shi kansa ya ga inda idonsa ya fi daɗewa.

"Gidan ubanmu!" Gwaggo ta fashe da kuka. "Gidan kakanninmu za ka miƙa wa maƙwabta?"

"Yaya." Muryarsa ta yi laushi. "Kin tuna takardar makarantar jiragen ruwa da ta zo min ina da shekara goma sha tara? Ke kika ɓoye min ita a ƙarƙashin katifa don kar Baba ya gani. Ke kin so zama aka fitar da ke, ni na so tafiya aka tsare ni. Shekara arba'in kowannenmu na kallon wurin da ɗayan yake tsaye. Na zo na so gonar nan fiye da raina, ban musa ba. Amma ba zan ƙara mutum na uku ba."

Gwaggo ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa.

"Baba, ba ka tambaye ni ba," Tordis ta ce. "Ban yarda ba! Ina za ka zauna? Me za ka riƙa yi da safe?"

"Akwai ɗaki a gari, saman kantin magani, an ce rana na shiga. In na tambaye ki ai ba za ki yarda ba." Ya dubi agogon bango. "Lokacin ba awaki ciyawa ya yi."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ya ja musu ƙofa a hankali.

Eilif na zaune kamar an dasa shi, almon a cokali, hawaye na bin gemunsa. Tordis ta miƙe ta bi bayan babanta, ko rigar sanyi ba ta tsaya ɗauka ba.

A bakin rumbu ta ci birki. Ga sunayen nan goma a jere kamar kullum. A ƙarƙashin na Oddvar, a wurin nan mai sumul da ya shekara ashirin da tara yana jiranta, an sassaƙa layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ɓarɓashin katakon na nan sabo a kan ƙanƙara.

Ta juya. Babanta bai shiga ɗakin awakin ba. Yana tsaye a waje, ya jingina bayansa da ƙofar, hannuwansa a sake, dusar ƙanƙara ta fara taruwa a hularsa da kafaɗunsa, bai ko motsa ba. A ciki awakin sun ji ƙamshinsa, sai kuka suke suna kaɗa ƙararrawa.

"Baba!"

Ta ruga ta kakkaɓe masa kafaɗu da hannu biyu, ta kama fuskarsa. Da ɗumi ta ji ta, jiƙe sharkaf.

"Koma ciki, za ki yi mura," ya ce.

"Ba inda za ni sai ka shiga. Me kake yi a nan tsaye?"

Ya ɗan juya kai wajen ƙofar da ke bayansa.

"Awakin ne," ya ce. "Ku na iya faɗa muku. Su ban san ta inda zan fara ba."